Takardar Koke Zuwa ga Kantoman Birnin Yamai: A Ba Masu Gudu da Masu Keke Wurinsu

Zuwa ga Mai Girma Kantoman Birnin Yamai,
ta hannun iyayenmu masu unguwannin Bukoki, Wadata, Lazare, Banifandu da Talaje.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, muna gaishe ka da aiki, muna roƙon Allah ya taya ka riƙon wannan gari. Mu ne mutanen da kake gani a gefen titi idan ka yi sammako: masu gudu, masu sassarfa, masu tafiyar sauri da masu taka keke. Ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da ofis. Hanya ce ta haɗa mu, yau da gobe muka san fuskokin juna, har ta kai idan wani bai fito ba kwana uku sai a bi sawu a ji ko lafiya. A cikinmu akwai malaman makaranta, teloli, 'yan kasuwar Katako, ɗalibai, 'yan fansho da matan aure. Ni da aka miƙa wa alƙalami tsohon malamin firamare ne, kuma zan fara da kaina don ka san ba nishaɗi kaɗai ya fito da mu ba.

Wata rana ina tsaye gaban allo, alli a hannuna, sai jiri ya kwashe ni. Yara ne suka riƙe ni na zauna. A likita aka auna aka ce hawan jini ne. Wanda ya duba ni ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, sauran maganin yana ƙafarka, ka dinga tafiya kullum." Daga baya na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babba ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro kuma awa guda kowace rana. Da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda labarinsu ke nan, wani hawan jini, wani ciwon suga, wani ƙiba ce ta hana shi sakat har ruku'u yana yi masa wuya. Duk likita ya ce mu fita mu motsa. Abin da bai faɗa mana ba shi ne inda za mu taka.

A Yamai rana ba ta ba mutum zaɓi. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, don haka wanda zai motsa jiki sai dai bayan sallar asuba ko dab da magariba. Da asuba kuwa duhu ne. Mai gudu yana bin bakin kwalta, fitilar waya a hannunsa, yana haska gabansa don kada ya afka cikin magudanar ruwa da ba a rufe ba. Yashi ya cinye gefen titi. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san abin da yashi ke yi wa taya: tana shiga sai kan keken ya murɗe, ka ga mutum a ƙasa. Don gudun haka mai keke yakan matsa tsakiya, can kuma ga taksi, ga faba-faba, ga kabu-kabu, ga motar icce da ta kwana a hanya tana saurin shiga gari.

Bara da hunturu abin da muke tsoro ya faru. Wani abokin tafiyarmu, tela ne, mai iyali, yana gabana bai fi taku goma ba. Hazo ya sauko, ya rufe hanci da rawani. Wani mai babur da ba shi da fitila ya zo ta bayanmu, ya kauce mini, ya kwashe shi. Har yau ina jin ƙarar. Muka tarar da shi kwance a cikin yashi, takalminsa ɗaya can gefe, fitilar wayarsa tana ci tana haska sama. Ƙafar dama ce ta karye, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Watanni ya yi shagonsa a rufe, ɗinkin Sallah ya wuce shi, mu muka dinga haɗa abin da ya sawwaƙa ana kai wa gidansa. Mai babur ɗin yaro ne, ya tsaya, jikinsa na rawa, ya taya mu ɗaukar shi. Ba mu kai ƙararsa ba. Shi ma neman abinci ya fito da shi, kuma titi ɗaya aka ba mu duka. Tun daga ranar dattawa da yawa suka daina fitowa, iyalansu sun hana. Telan ya warke, alhamdu lillahi, amma bai dawo hanya ba.

Mun san akwai filin wasa na Janar Seyni Kountché, kuma muna alfahari da shi, tun ba a 2005 ba da Yamai ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Masu motsa jiki suna zuwa can, waɗanda ke kusa suna morewa. Sai dai mutumin Talaje ko Banifandu kafin ya kai can ya dawo, lokacin fita aiki ya yi, in kuma abin hawa zai shiga kullum, kuɗin cefane ne zai taɓu. Gari ya faɗaɗa ƙwarai, fili guda ba zai ɗauke mu ba.

Babban roƙonmu yana kan dajin nan da ya yi wa gari ɗamara, wanda ake kira Ceinture Verte. Tun 1965 aka fara dasa shi, galibi dogon yaro, a kan tsawon kusan kilomita 25 da faɗin kilomita guda, don ya tare wa Yamai iska da ƙura. Waɗanda suka dasa shi yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ba su zauna a inuwarsa ba, mu suka barwa. Waɗanda suka girma a nan suna tuna lokacin da in ka shiga ciki da tsakar rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Yau gari ya tsallake shi, gine-gine sun gutsure shi ta ko'ina, bola ta taru a wurare da yawa, leda ta maƙale a rassa, in an cinna wa shara wuta hayaƙi ya kwana a cikin itatuwa. Duk da haka, ranka ya daɗe, dajin bai mutu ba. Akwai wuraren da har yanzu itatuwa suke a jere, inuwa ta haɗe, ƙasa a shimfiɗe. Mun shiga da ƙafarmu mun gani.

Muna roƙon a fitar mana da turba a ciki. Ba kwalta muke nema ba. Jar tsakuwa da aka daddaɓe ta isa, mai faɗin da keke biyu za su gifta juna su bar wa mai gudu gefe, tana bin tsakanin itatuwa ba tare da an sare ko guda ba. A fara da ɗan yanki, ko kilomita uku ne, a inda ma'aikatanku da na gandun daji suka ga ya fi dacewa. A kafa fitilu masu aiki da hasken rana irin waɗanda aka sa a wasu titunan gari, a dasa turaku a mashiga don kada babur da mota su mayar da ita hanyar yanke, a hana zuba shara a wannan yanki, a samar wa masu amalanken shara wani wurin da za su kai. In da hali a sa famfo da makewayi. Mun yi imani cewa wannan turba za ta tsare dajin fiye da kowane allon gargaɗi, domin wurin da jama'a ke shiga safe da yamma ba a yi masa ɓarna a ɓoye. Wanda zai zo da gatari ko ya kafa harsashin gini cikin dare ya san da asuba idanu za su gani.

A nan akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Akwai bayin Allah da ke zaune a bukkoki cikin dajin, talakawa ne da haya ta fi ƙarfinsu. Ba mu rubuto don a tashe su ba, kuma ba mu yarda a fake da takardarmu a yi hakan ba. A bi da turbar ta inda babu kowa. Mun fi son 'ya'yansu su fito su yi gudu tare da namu.

Abu na biyu ba ya cin kuɗi sosai. Muna roƙon a ware safiyar Lahadi, daga ƙarfe 6 zuwa 9, a rufe wa motoci hannu ɗaya na wani babban titi mai hannu biyu, ko wani yanki na hanyar bakin kogi, a bar wa masu ƙafa da masu keke. Ku kuka san wanda ba zai takura wa kasuwa da masu zuwa coci ba, ku zaɓa. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Birnin Bogota na ƙasar Kolombiya yana yi tun 1974, Kigali ta Ruwanda ta fara a 2016, kuma garuruwan nan ba su tsaya ba. A gwada na wata uku, in bai yi ba a bari. Kusa da mu ma, duk wanda ya je Wagadugu ya ga yadda aka ware wa masu keke da babur hanyarsu a gefen manyan tituna, kuma Burkina Faso, ƙasar da ke shirya tseren keke na Tour du Faso tun 1987, ba daga sama ta samu mahaya ba. Muna fatan duk sabon titin da za a shimfiɗa a Yamai a tuna da mai keke tun a kan takarda, tsofaffin kuma a dinga kwashe yashin gefensu, a rufe magudanan da ke buɗe.

Matan da ke cikinmu sun ce lallai a rubuta nasu, kuma suna da gaskiya. Ciwon suga da hawan jini ba su san namiji ko mace ba. Amma mace in ta fito da hijabinta da takalmin gudu, ba mota kaɗai take kaucewa ba, har da bakin mutane. Wata uwa a cikinmu ta ce sai ta tashi ɗanta ya raka ta, in yana da jarrabawa ranar ba ta fita. Wasu sun haƙura suna zagaya tsakar gida, gidan haya kuwa taku nawa ne? Ga masu ganin abin kamar rashin kamun kai, muna tunatar da su cikin ladabi cewa ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan wani lokaci suka sake ya tsere mata. Abin da matanmu ke nema shi ne wuri mai haske, mai tsaro, inda za su fita rukuni cikin suturarsu. Muna roƙon iyayenmu masu unguwanni da limamai su sa baki a nan, domin kalmarsu ɗaya ta fi tamu ɗari.

Yaranmu kuma a lungu suke koyon keke, tsakanin kwata da babura. Uba yana riƙe da sirdi yana bin yaro a guje, idonsa ɗaya a kan yaron ɗaya a kan kwana. Samarin da ke wuni a fada, wato majalisar hira, suna shan shayi, da yawansu in ka ce su zo gudu za su zo, mun gwada mun gani. Wasu da suka biyo mu sun rage taba da kansu, don numfashi ya ƙi kai su inda tsaransu ke kaiwa.

Ranka ya daɗe, ba mu manta halin da ƙasa ke ciki ba. Akwai maganar tsaro, akwai tsadar rayuwa, akwai ambaliyar da ke rushe gidaje da damina. Mun san teburinka cike yake, har wasunmu sun ce mu dakata. Muka duba muka ga mai keken da za a kare ba mai shan iska ne kaɗai ba. Ɗalibi ne mai zuwa makaranta, lebura ne, mai gadi ne da ke komawa gida da safe, mai kai burodi ne da kwali a bayan kekensa. Waɗannan ba su da kuɗin mai, kuma su ne suka fi kowa kwana a bakin haɗari. Sannan duk magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, gida guda ne ya durƙusa.

Ba hannu rabbana muka zo ba. Mun ɗauki alkawarin fitar da masu sa kai da za su tsaya a mashigai ranar Lahadi ƙarƙashin umarnin 'yan sanda. Za mu yi gayyar share turbar sau ɗaya a wata. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, za mu dasa a gefenta, kuma mu raba wa junanmu ban ruwa har su kama, don mun san dashe ba shi ne wahala ba, raino ne. Masu gyaran keke da ke cikinmu sun yarda su dinga duba wa yara birki da taya kyauta a safiyar Lahadi. Mu ma muna da namu laifin: akwai masu fita cikin duhu da baƙaƙen kaya, akwai masu toshe kunne da waƙa, akwai samarin da ke ɗaga ƙafar keke a tsakiyar titi. Waɗannan mu za mu ja musu kunne, kuma mun fara tara kuɗin riguna masu ƙyalli.

Muna roƙon ka ba wakilanmu lokaci su zo gabanka tare da masu unguwanni. In kuma aiki ya bari, mun fi son ka turo ma'aikatanka, ko ka zo da kanka wata safiya bayan sallar asuba, mu bi da ku inda telan ya faɗi, sannan mu shiga dajin mu nuna muku yankin da muke nufi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya zaunar da Nijar lafiya.

Wassalamu alaikum.

A madadin masu gudun asuba da mahaya keke na unguwannin da aka ambata. Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin takardun da ke haɗe da wannan.