Amsa Ga Mai Tambaya Kan Kantunan Da Suka Hana Shiga Da Bindiga

Assalamu alaikum, Malam.

Ka jefo mini tambaya a bainar jama'a: a Amurka, inda doka ta bar mutum ya yi yawo da bindigarsa, idan mai kanti ya liƙa sanarwa a ƙofa cewa kada a shigo masa da ita, ashe tsaron mai sayayya bai koma wuyansa ba? Ka ce tunda a Texas nake zaune, in faɗi abin da na gani.

Kotu dai ba ta cika ɗora masa wannan nauyi ba. Ranar 20 ga Yulin 2012, a garin Aurora na jihar Colorado, wani ya buɗe wuta a gidan sinima na kamfanin Cinemark, wanda ya hana shiga da makami. Mutum 12 suka rasu, 70 suka jikkata. Tikiti ya saya kamar kowa, ya fita ta ƙofar gaggawa, ya tokare ta, ya kwaso makamai daga motarsa ya dawo. Iyalai suka kai ƙara, amma a 2016 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke kamfanin. Ma'aunin da ake dubawa shi ne ko mai wurin yana da dalilin hango haɗarin tun kafin ya auku.

'Yan majalisa ma sun gwada. A Tennessee, a 2016, an kawo ƙudurin da zai ɗora alhaki kan duk wanda ya hana, sai aka zare masa haƙora kafin ya zama doka. Abin da ya saura shi ne kariya daga ƙara ga wanda bai hana ba, irin wadda Wisconsin ta bayar tun 2011.

Ni kuwa ina ganin akwai hakki a kansa, sai dai ba daga sanarwar ya samo asali ba. Tun ranar da ya buɗe ƙofa yana karɓar kuɗin mutane ya ɗauke shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sanarwar ƙara nauyin kawai take yi. Abin da ke ci mini rai shi ne takardar da babu kowa a bayanta. A nan Texas doka ta ƙayyade har girman haruffanta, ta ce a rubuta da Turanci da Sifaniyanci, amma ba ta ce a tsayar da mai bincike ba. Mai bin doka ya karanta, ya koma ya kulle tasa a mota. Wanda ya zo da mugun nufi kuwa, yaushe ya tsaya karatu? Ko bankunan gida sun fi wannan tsari: ƙofar ba ta buɗe maka sai ka ajiye ƙarfen jikinka, ga kuma ɗan sanda a waje.

Sai dai kada mu yi wa kalmar tsaro lodin da ba za ta ɗauka ba. A kantin Tops na birnin Buffalo, a 2022, akwai mai gadi da bindiga, tsohon ɗan sanda ne ma. Ya harbi maharin, rigar sulke ta tare harsashin, shi kuma aka kashe shi cikin mutum 10. Babu ɗan kasuwar da zai yi maka lamunin rai, balle mai ɗan shagon shayi da cinikinsa bai kai albashin mai gadi ba.

Saboda haka, Malam, daidai ƙarfin wuri nake nema. Babban kanti ko sinima da ke tara ɗaruruwan mutane, idan ya hana, to ya sa na'urar bincike da masu gadi. Ƙaramin shago ya gyara fitila, kyamara da hanyar fita. A Aurora, cikin abin da iyalan suka yi kuka da shi har da cewa ƙofar nan ta baya ba ta da ko ƙararrawa.

Na gode da tambayar. A gaida iyali.

Naka,
ɗan'uwanka daga Texas