Saƙo ga masu tace bidiyo: a daina zagin laftof, a duba furoksi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma edita ake ce min a unguwarmu, sai dai ni na bidiyo ne, bikin aure da walima da ɗan tallan shago nake tacewa a nan Kano. Na ga shafinku na nishaɗi kullum jarumai ne da mawaƙa, to yau dan Allah a ɗan ba mu fili mu da ke kwana gaban kwamfuta, akwai wata matsala ta rabuwar sauti da hoto da ta ci min kwana biyu da man janareta kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Yawancinmu laftof ɗinmu ba za ta iya jan 4K ba, wato bidiyo mai girma da nauyi sosai, kana danna wasa sai ta fara tsalle-tsalle, shi ya sa muke yin furoksi, wato ƙaramin kwafi mara nauyi da za ka yi yanka da shi, in ka gama sai manhaja ta koma kan asalin hoton ta fitar da aiki. Manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro na da wannan tun 2016, takwararta DaVinci Resolve ma na da shi. Abu mai kyau wallahi. Amma watan jiya na tace wata dina, kamara biyu da wayar wata ƙawar amarya da aka nace sai na saka, a furoksi komai daidai, da na fitar da aikin sai ga bakin maroƙi na motsi murya na biyo shi a baya, a farko kaɗan ne ba ka ma lura, kafin a kai wajen yanka kek abin ya zama abin dariya, ana tafi a hoto sautin bai iso ba. Uwar amarya kuma tana ta kira.

Na zagi laftof, na goge manhaja na sake sakawa, duk a banza. Ashe laifina ne. Don sauri na yi furoksin a wata manhajar sauya bidiyo ta kyauta, ita kuma ta maida komai firem 30, wato hotuna 30 a daƙiƙa, alhali kamara ɗaya 29.97 ta ɗauka ɗayar kuma 25. Mutum zai ce ai 29.97 da 30 duk ɗaya ne, to ba ɗaya ba ne, in aka karanta wannan a matsayin wancan cikin awa guda tazarar ta kai daƙiƙa 3.6, kuma dina ai ba ta ƙarewa a minti goma. Ita kuwa wayar ta fi kowa rikici, domin waya ba ta tsayawa a lamba ɗaya, in haske ya ragu sai ta rage firem in ya dawo ta ƙara, furoksin kuma ya fito a tsaye cak, ka ga ai dole su rabu a hanya.

Abin da na koya shi ne yanayin zamewar sauti daga hoto ke gaya maka ciwon. In tana ƙaruwa yayin da bidiyo ke tafiya, lissafin firem ne, ka buɗe fayil ɗin a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, ka kwatanta asali da furoksi, na waya kuma ka fara wuce da shi ta manhajar sauya bidiyo ta HandBrake ka zaɓi firem tsayayye kafin ma ka shigar da shi aiki, wannan sabon shi ne asalinka daga yanzu. In kuwa tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe to wani ya ɗan yanke kan furoksin ne, tsawonsu bai zo ɗaya ba. Akwai kuma wadda ta taɓa kama wani yarona, hoton ma daban ya fito gaba ɗaya, saboda kamarorin Sony biyu kowacce ta sa wa fayil ɗinta C0001 ya zuba su folda guda, manhaja ta haɗa furoksin kamu da asalin ɗaurin aure. Kowane kati da foldarsa, kuma kar a canza suna bayan an yi furoksi. Layukan sauti ma su zo daidai, in asali huɗu ne furoksi biyu Premiere za ta yi maka gardama.

Yanzu a cikin manhajar tacewar nake yin furoksi ko da zai kai ni asuba, kuma kafin na yanka komai sai na je ƙarshen bidiyo mafi tsawo na kunna furoksi na kashe na ga ko leɓe ya motsa.

Roƙona ga masu ɗauka, dan girman Allah ku yi magana da juna kafin biki ku tsaya kan firem 25 gaba ɗaya, wutar lantarkinmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa dama, ya fi dacewa da fitilun hol. Kuma ku tafa hannu gaban kamara a farko don mu daidaita sauti da hoto a kai, daƙiƙa ɗaya ce, ba wanda zai ce kun haukace.

Naku,
Wani mai tace bidiyo, Kano