Raha ta fi jifa tasiri a kan masu zanga-zangar ƙiyayya

Ya mai girma Edita,

Na karanta rahotonku kan zanga-zangar da masu wariyar launin fata ke yi a biranen Turai da Amurka, wadda sau da yawa ke ƙarewa da jifa da doke-doke tsakaninsu da masu adawa da su. A ganina rigimar ce masu wariyar ke nema, domin da hoton jini suke jawo sababbin mabiya, su ce su aka zalunta.

A 2014 mutanen garin Wunsiedel na Jamus sun bi wata hanya. Masu aƙidar Nazi sun saba maci a can duk shekara, saboda a garin aka taɓa binne Rudolf Hess, mataimakin Hitler. Sai mazauna garin suka yi alkawarin ba da Yuro 10 kan kowace mita da masu macin suka taka, ga ƙungiyar EXIT-Deutschland mai taimaka wa masu son barin aƙidar. Aka rataya allunan yi musu godiya, har da teburin ayaba a bakin hanya. Suna isa ƙarshe aka shaida musu sun tara Yuro 10,000 don rusa tafiyarsu. Ba a fasa wa kowa kai ba.

Amma raha ba ta maye gurbin tsaro. A birnin Charlottesville na Amurka a 2017 wani ya kutsa da mota cikin masu gangamin martani ga masu wariyar, ya kashe mace ɗaya. Don haka ina kira ga hukumomi su raba wa ɓangarorin biyu hanya, masu shirya martani kuma su zauna da 'yan sanda tun kafin ranar, su mayar da taron gidauniyar ceto matasan da aka ruɗa.

Naku,
Mai karatu