Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Inshorar Lafiyar Da Nake Ƙarƙashinsa

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in kai kukana game da yadda sashenku na amincewa da jinya ya yi da buƙatar da likitan haƙorina ya turo muku. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda wasiƙu biyu da na aiko a baya ba su samu amsa ba, kuma ina ganin abin da ya same ni zai iya samun duk wanda ke ƙarƙashinku.

Lamarin ya faro ne daga turmina na ƙasa a ɓangaren hagu, wanda ya yi kogo. Da farko sai na sha ruwan sanyi yake tsira mini kamar allura, ya lafa nan take. Ban je asibiti a lokacin ba, kuma wannan sakacina ne, ba zan ɗora muku shi ba. Da ciwon ya fara tashi da kansa, musamman idan na kwanta da dare, sai na je wurin likita. Ya ɗora abu mai sanyi a kan haƙorin, zafin ya haura rabin minti bai sauka ba, sannan ya ɗauki hoto, ya nuna mini cewa ruɓar ta ratsa ta kai ga ɓargon haƙorin, wato tsokar nan mai laushi da ke tsakiya, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Idan yatsa ya kumbura, fata takan miƙe ta ba shi wuri, amma ɓargon haƙori bango mai tauri ne ya kewaye shi, don haka kumburin yakan matse jijiya, ya kuma shaƙe hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Ya ce in an kai nan ciko ba ya wadatarwa, sai dai a buɗe haƙorin a cire jijiyar, a wanke hanyoyin saiwa a toshe su, ko kuwa a cire shi gaba ɗaya. A ranar ya tura muku buƙatar aikin cire jijiya.

Kwana goma sha biyu na yi ina jira. Amsar da ta zo daga ƙarshe ita ce lamarin ba na gaggawa ba ne, a ba ni maganin rage zafi da na kashe ƙwayoyin cuta, a sake dubawa. A waɗannan darare a zaune nake kwana, da kofin ruwan sanyi a gefena, ina guntsa in riƙe a baki, domin a lokacin shi kaɗai ke ba ni sauƙi, da zarar ruwan ya yi ɗumi sai ciwon ya dawo.

Wata safiya na tashi babu ciwo ko kaɗan. A makon nan ma'aikaciyarku ta kira ni a waya ta tambayi jikina, na gaya mata gaskiya cewa ya lafa, sai ta rufe buƙatar da hujjar na warke. Wannan shi ne ainihin ƙorafina. Ciwon ya tsaya ne saboda jijiyar ta mutu, ƙwayoyin cutar kuwa suna nan cikin haƙorin suna hayayyafa. Ni ba za a zarge ni da rashin sanin wannan ba, amma kamfanin da yake yanke hukunci a kan jinyar mutane ya wajaba ya sani, ko aƙalla ya tuntuɓi likitan da ya rubuta buƙatar kafin ya rufe ta.

Ba a jima ba na fara jin haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, in na haɗe baki shi ke fara taɓawa, tauna kuwa ta gagara. Cutar ta bi ta ƙaramar ƙofar da ke ƙarshen saiwa ta shiga ƙashin muƙamuƙi, mugunya ta taru a wurin. Ranar da iyalina suka kai ni asibiti ina fama da zazzaɓi, kumburi ya sauko ƙarƙashin muƙamuƙina, yatsu biyu ba sa shiga bakina. Likitocin sun damu ƙwarai, domin cutar da ta taso daga turamen ƙasa tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe ta ɗaga shi har ta toshe hanyar numfashi, yanayin da wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya bayyana tun 1836, kuma har yau yana kisa idan aka yi jinkiri. Allah Ya taƙaita, tawa ba ta kai can ba, amma sai da aka kwantar da ni, aka tsaga aka fitar da mugunyar, aka cire haƙorin da a farko ana iya ceto shi.

Game da maganin da kuka maye gurbin aikin da shi, ina so ku lura cewa magani ta jini yake tafiya, kuma ɓargon da ya mutu jini ba ya isa gare shi. Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa a mafi yawan ciwon ɓargo da na saiwar haƙori, ga baligi mai ƙoshin lafiya, aiki a kan haƙorin shi ne magani, ba a dogara da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai cutar ta fara shafar jiki, kamar a samu zazzaɓi.

Saboda haka ina neman ku ba ni bayani a rubuce game da wanda ya yanke hukuncin cewa lamarina ba na gaggawa ba ne, da kuma ko likitan haƙori ne ya duba hoton. Ina kuma neman ku ɗauki nauyin cike giɓin da aka bar mini, tunda jinkirinku ne ya jawo shi. Abin da ya fi damuna dai shi ne tsarin kansa: kada a sake rufe buƙatar cire jijiya don kawai maras lafiya ya ce ciwo ya lafa, sai likitan da ya duba shi ya tabbatar. Ina sauraron amsarku cikin mako biyu, idan kuma ban samu ba zan miƙa takardun asibitina ga hukumar da ke sa ido a kan ayyukanku.

Na gode,
Ɗaya daga cikin masu rajista da kamfaninku