A Saita BIM Da Ranar Kaduna Kafin A Nemi Takardar Shaida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu gini da abokan sana'armu a Kaduna kan manhajojin zanen gini a kwamfuta da ake kira BIM, irin su Revit da ArchiCAD. Matasan da suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun iya su, amma sau da yawa amfaninsu yana tsayawa ne a hoto mai kyau da za a nuna wa mai gida. Wannan asara ce babba.

A BIM, bangon da aka zana yana ɗauke da bayanansa: kaurinsa, irin bulon, filasta, da yadda zafi ke ratsa shi. Haka taga, haka rufi. Daga nan ake ciro lissafin da masu ba da takardar shaidar gini mai tattalin wuta da ruwa suke nema. Mafi sauƙi gare mu ita ce EDGE ta hukumar IFC, wani reshe na rukunin Bankin Duniya. Sharaɗinta shi ne a rage kashi 20 cikin ɗari na wuta, kashi 20 na ruwa, da kashi 20 a ɓangaren kayan gini, idan aka gwada da ginin da aka saba yi a wurin. Manhajar lissafinta kyauta ce a intanet. LEED ta Amurka tana aiki da maki, daga 40 zuwa sama, kuma ta fi tsada da yawan takardu.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a ja layi ɗaya. Fayil ɗin da manhajar ke zuwa da shi an saita shi kan wani birni na Amurka ko Turai. Idan ba a canja wurin zuwa Kaduna ba, aka kuma juya zanen ya dace da arewa ta gaskiya kamar yadda takardar safiyo ta nuna, duk inuwar da kwamfuta za ta nuna ƙarya ce. Kaduna tana kusan digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga wajen tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da kanmu. Littattafan Turai suna cewa bangon arewa ba ya ganin rana. A nan yana gani, kuma yana buƙatar ɗan baranda. Amma azabar tana gabas da yamma. Tagar gilas mai faɗi da ke kallon yamma a watan Maris tanda ce, kuma baranda ba ta tare ranar la'asar domin a kaikaice take shigowa. Maganin shi ne a shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, a kai matakalar bene da banɗaki da sito ɓangaren yamma, a rage tagoginsa.

Sai bango. Mutane da yawa suna barin bangon milimita 200 da suka tarar a manhajar, alhali a fili bulo mai inci 9 za a sa, wato milimita 225, mai rami a ciki, da filasta ciki da waje. In ba a gyara wannan ba, lissafin zafi ya ɓaci, lissafin kaya ma ya ɓaci. Gwajin mai sauƙi ne: murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10. A ɗauki jimillar da manhajar ta bayar a gwada da wannan, in sun yi hannun riga to akwai bangon da aka zana sau biyu ko wanda bai kai silin ba. Ɗakin da bangonsa bai haɗu ba kuma manhajar lissafin wuta ba ta ɗaukarsa ɗaki, sai ta ba da girman na'urar sanyaya ɗaki da bai dace ba.

Muna da ma'auni namu na gida. Ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar a 2017 ta ce taga kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango sai an yi mata inuwa. Bango mai tsawon mita 10 da tsayin mita 3 murabba'i 30 ke nan, rabon taga 6, wato tagogi huɗu masu mita 1.2 kowane gefe. Ta kuma kayyade fitila a wat 6 kan kowane murabba'in mita a gidaje, 8 a ofisoshi, ta wajabta sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Wannan na ƙarshe shi ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙasa, alhali a gida marar bene kwano ne babbar ƙofar zafi.

Ruwa bai da wahalar lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Kaduna tana samun wajen milimita 1,200 a shekara, don haka rufi mai murabba'i 200 yana zubar da kusan lita 240,000, duk a watannin damina. A zana indararo da tanki tun a manhajar, tare da bututun da zai zubar da ruwan farko mai ƙurar hunturu.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen aiki. EDGE tana ba da shaidar farko a kan zane, ta ƙarshe kuwa sai mai bincike ya zo ya gani da idonsa. Idan an rubuta masai mai maɓalli biyu, ɗaya na zubar da lita 6 na ruwa, ɗaya lita 3, ɗan kwangila ya sayo wani daban a kasuwa, ko aka musanya gilashin da mai araha, lissafin ya rushe. A ajiye rasit, takardar bayanin kowane kaya, da hoton abin tare zafi kafin a rufe silin, domin bayan an rufe ba mai yarda a fasa. Duk canjin da aka yi a fili a mayar da shi cikin fayil a makon.

Roƙonmu ga masu gini shi ne su sa a yarjejeniya cewa za a miƙa musu fayil ɗin kansa, har da kwafin da kowace manhajar BIM za ta iya buɗewa. Ga hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, kuma, muna ba da shawarar a fara neman shafi ɗaya tare da zanen manyan gine-gine, mai nuna kason taga a kowane bango, irin rufin, da wat ɗin fitilu.

Wassalam.

Daga wasu masu zanen gine-gine da injiniyoyi,
Kaduna.