A fara maganar ƙoda tun kafin a kai ga neman kuɗin wanki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ciwon ƙoda. A nan Sakkwato ba mu cika jin sunan wannan ciwo ba sai ranar da aka kawo sanarwar neman taimako: wane yana kwance a asibiti, ana yi masa wankin ƙoda, wato na'ura na tace masa jini a madadin ƙodar, kuɗi sun ƙare, jama'a a agaza. Agajin kuwa wajibi ne, Allah ya saka wa masu bayarwa. Sai dai kafin a kai ga wannan sanarwa, ciwon ya yi shekaru yana cin mutumin a ɓoye, kuma a cikin shekarun nan ne ake iya tare shi da kuɗi kaɗan. Su ne kuma shekarun da ba wanda ke maganarsu.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Abin da zan faɗa yara na karanta shi a aji, amma iyayensu da ke gona da kasuwa ba su samu mai gaya musu ba.

Ƙoda biyu Allah ya yi wa mutum, suna can ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Aikinsu kamar na rariya ne a hannun mai tankaɗe: abin da jiki ke so ya tsaya, abin da ba ya so ya fita. A yini ɗaya suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar wa jiki kusan dukansa, su bar lita ɗaya zuwa biyu ta zama fitsari, ɗauke da datti da rarar gishiri. Ba nan aikin ya tsaya ba. Ƙoda na da hannu wajen daidaita bugun jini, ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, ita ce kuma ke gyara bitamin D yadda zai amfani ƙashi. Shi ya sa mai ciwon ƙoda za ka gan shi ya yi fari fat, ba jini, ba ƙarfi, ƙasusuwa na ciwo, ga hawan jinin da ya ƙi jin magani.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ciwon shi ne rashin hayaniyarsa. Matatan da suka mutu ba sa dawowa, amma waɗanda suka rage sai su ɗauki nauyin 'yan'uwansu, mutum ya ci gaba da harkokinsa lafiya lau. Ana iya rasa fiye da rabin aikin ƙoda ba a ji ko ciwon kai ba. Likitoci sun raba ciwon mataki biyar, kuma da yawa daga cikin mutanenmu sai a na huɗu ko na biyar suke isa asibiti, bayan ƙafafu sun kumbura, fuska na tashi da safe, fitsari na kumfa ko ya ragu, ga tashin zuciya da ƙaiƙayin jiki. A nan ma sai a tsaya ana cewa shawara ce, ko sanyi, ko an yi masa sammu, a yi wata da watanni ana jiƙe-jiƙe. Shi kuwa ciwon ƙugu da kowa ke ɗora wa ƙoda, galibinsa na tsoka ne da ƙashin baya.

Manyan masu kashe ƙoda biyu ne, hawan jini da ciwon suga, domin dukansu ƙananan jijiyoyin matatan nan suke lalatawa a hankali. Na sha jin dattijo ya ce ya daina shan maganin hawan jini tunda ya ji sauƙi. Hawan jini ba a jin sa, awo ne kawai ke nuna shi, kuma barin magani don an ji sauƙi na daga cikin hanyoyin da suka fi kai mutane gadon wanki.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu musamman a wannan yanki. Zafin Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Manomin albasa a fadama, da lebura, da mai kabu-kabu, sukan yini cikin rana suna zufa ba tare da sun sha isasshen ruwa ba. Da yamma jiki ya yi tsami, sai a tsaya wurin mai tallar magani a ce a ba da haɗi na ciwon jiki. Cikin haɗin nan sau da yawa akwai ibufurofen da dikilofenak ko Feldene, wani lokaci biyu ko uku a tafin hannu ɗaya. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ƙodar da ta yini ba ruwa, a zo a ƙara mata wannan kullum, shekara da shekaru, ina za ta sa kanta? Rashin ruwan ne kuma ke taimakawa wajen haɗa tsakuwar ƙoda. Mai lafiya ya riƙa duba fitsarinsa: in ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu kuwa, likita ne zai faɗa masa yawan ruwan da zai sha, domin shi yawan ruwan ma kan cuce shi.

Sai tsargiya. Yaran da ke wanka da kamun kifi a gulbin Rima da dam ɗin Goronyo da tafkunan Kware na iya ɗauko ta daga ruwan da ke da katantanwa mai ɗauke da ƙwayar cutar. Har gobe akwai gidajen da ba sa ɗaukar fitsarin jini a yaro namiji a bakin komai. Alhali idan aka bar ta, takan yi tabo a mafitsara da hanyar fitsari har ta toshe, fitsari ya riƙa komawa baya yana danne ƙoda. Maganinta furazikwantel ne, ba shi da tsada. Haka dattijon da fitsari ke yi masa wuyar fita, kunya kada ta hana shi ganin likita, domin toshewar ma ƙoda take kashewa. Gudawa da amai mai tsanani, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da zubar jini ko jijjiga wajen haihuwa, duk suna iya tsayar da ƙoda farat ɗaya. Irin wannan sau da yawa ana warkewa idan an kai asibiti da wuri.

Ba na raina maganin gargajiya, da shi kakanninmu suka rayu. Amma jiƙon da ake zagawa da shi a jarka da lasifika, a ce yana wanke ƙoda da hanta da basir da sanyi a kurɓa ɗaya, ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, kuma duk abin da aka sha ƙoda ce za ta tace shi. Man bilicin ma wasunsa na ɗauke da sinadarin makuri mai lahani ga ƙoda. Ina roƙon kafafen yaɗa labarai su yi tunani kafin su karɓi kuɗin tallar irin waɗannan kaya.

Idan ƙoda ta gaza gaba ɗaya, abu biyu ya rage. Ko wanki, wanda ƙa'idarsa sau uku ne a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, kuma ba warkarwa yake ba, riƙe rai yake yi. Ko kuma dashe, wanda aka fara yi a Najeriya a Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Bayan dashen ma mutum zai sha magani mai tsada har ƙarshen ransa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na yin wanki, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a kan 12,000 ɗin, sau uku a mako ya kama naira 36,000, ban da magani da ƙarin jini da kuɗin mota daga Isa ko Tangaza. Magidanci nawa ne zai iya?

Gwajin da ke gano ciwon da wuri kuwa bai kai ko kusa da haka ba: awon hawan jini, awon suga, gwajin fitsari don a ga ko furotin na zuba, da gwajin jini na kiriyatinin, wani datti da ke taruwa a jini in ƙoda ba ta tacewa sosai. Mai hawan jini, da mai suga, da mai sikila, da wanda aka taɓa yin ciwon a gidansu, ya kamata su yi shi ko da sau ɗaya a shekara. A rage gishiri kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da kanwa duk suna cikin lissafin.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware fili na dindindin, ko sau ɗaya a wata, a gayyato likitan ƙoda ya amsa tambayoyin jama'a da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Kada a jira Ranar Ƙoda ta Duniya da ke zuwa Alhamis ta biyu a watan Maris. Ina kuma kira ga hukumomin lafiya na jiha su sa na'urar awon jini da tsinken gwajin fitsari a kowace ƙaramar asibiti, su riƙa fita da su ranakun kasuwa a Illela da Achida da Bodinga, limamai kuma su taya su sanarwa bayan sallar Juma'a.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta,
Unguwar Mabera, Sakkwato.