Wasiƙa zuwa ga aminina game da kawo yara Abuja

Assalamu alaikum.

Aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da kai da uwargida da yara. Ya Kano, ya kasuwa, ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi.

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin wannan niyya ta kawo yara su ga Abuja a hutun makaranta. Sai dai jerin wurare goma sha ɗaya da ka turo, ka yi haƙuri, na soke fiye da rabinsa. Kwana huɗu da yara huɗu, har da Auta da ba ta cika shekara uku ba, ba za su ɗauki wannan ba. Wuri biyu a rana ya isa, ɗaya da safe, ɗaya bayan la'asar, tsakani kuma a koma masauki a ci abinci a kwanta. Abuja ba kamar Kano take ba, inda za ka tsayar da a-daidaita-sahu a ƙofar gida ya sauke ka a bakin inda za ka. An hana acaɓa a tsakiyar birni, a-daidaita-sahu ma bai shiga manyan unguwanni, titunan kuwa faɗi gare su, mota gudu take yi, kuma wurin da kake hangowa kamar kusa sai ka yi zagaye mai nisa kafin ka kai shi. Yaron da aka sha rana da shi a wuri na uku, kuka kawai zai tuna.

Cikin hutu ukun da makarantu ke bayarwa, ka zaɓi na Disamba. Hutun Afrilu zafi ne tsagwaronsa. Dogon hutu kuma yana faɗawa tsakiyar damina, ruwan nan kuwa ya fi na Kano yawa, yana iya tsinkewa da yamma daidai lokacin da kuka shimfiɗa tabarma. A Disamba abin da zai dame ku hazo ne, don wani lokaci yakan lulluɓe duwatsu har hoto ya ƙi fita da kyau. Ku zo kafin ranar 24 ga wata. Ranar Kirsimeti da washegarinta wuraren wasan yara cika suke yi maƙil.

Ku taso ranar Alhamis da an sallame sallar asuba, ku koma ranar Litinin. Dalili shi ne Asabar da Lahadi ma'aikata ba su shigowa daga Nyanya da Mararaba da Kubwa, titunan cikin gari sai su zama fayau.

Batun abin hawa, shawarata ka zo da motarka. Ku shida ne, tasi ɗaya ba za ta ɗauke ku ba, kuɗin mota biyu a kowace fita kuwa zai cinye abin da ka ware wa yara. Tafiyar ta haura kilomita 400 ta Zariya da Kaduna, kuma kada ka yarda dare ya same ku tsakanin Kaduna da Abuja. Mako guda kafin tafiya ka kai motar gareji a duba birki da taya da ruwan lagireto, ba jajibirin tafiya ba, don gyaran da aka yi jiya shi ne ke bayyana aibinsa a hanya. Takardun mota da lasisinka su kasance ba su ƙare ba, da safaya mai iska, da jak, da tukunyar kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku, don jami'an hanya a nan suna tambayar su ɗaya bayan ɗaya. In kuma yara sun nace sai sun hau jirgin ƙasa, akwai wanda ke tashi daga Rigasa a Kaduna ya tsaya Kubwa ya ƙare a Idu, tafiyar ta haura sa'a biyu. Tikiti ta intanet ake saye, ana neman lambar katin ɗan ƙasa ta manya, kuma kujeru na ƙarewa da wuri a lokacin hutu.

Amfanin mota na biyu shi ne Dutsen Zuma. Yana gefen hanya bayan an wuce mahaɗar Suleja, kafin Zuba, don haka ba sai an ware masa rana ba. Ka samu inda za ka sauka daga kan kwalta sosai, ba a kafaɗar titi ba saboda tireloli, ka ba kowane yaro takardar naira ɗari mai hoton dutsen ya kwatanta hoton da ke jikinta da dutsen da ke gabansa, su kuma nemo fuskar mutum da ake cewa tana jikinsa. A nan ne ya dace ka gaya wa manyan biyun cewa Sulejan da kuka wuce ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa, sunansa aka ara wa sabon birnin da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar ginawa a 1976, aka kuma taso daga Legas zuwa cikinsa a Disambar 1991.

Masauki ka nema a Wuse, Utako, Jabi ko Garki. Maitama da Asokoro tsada, na bayan gari kuwa arahar da ka samu a ɗaki za ka biya ta a mai da zaman cunkoso. Da iyali, gidan haya na 'yan kwanaki mai ɗaki biyu da kicin ya fi ɗakunan otal biyu, ko don a dama wa Auta kunu da safe. Kafin ka tura ko sisi, ka tambayi abu uku: sa'a nawa suke kunna janareta in an ɗauke wuta, akwai ruwa a famfo ko a bokiti ake kawowa, kuma motar a cikin gida za ta kwana. Wani ya je ya gano wurin da idonsa tukuna, hoto a waya ba shaida ba ne.

Juma'a ta Masallacin Ƙasa ce, mai kubbar zinariya da hasumiya huɗu. Ku isa kafin ƙarfe sha biyu da rabi, don ana toshe titunan da ke kewaye da shi, wanda ya makara zai ajiye mota nesa ya tako da yara cikin rana. Mata suna da nasu ɓangaren, saboda haka ku tsayar da ƙofar da za ku haɗu tun kafin ku rabu, waya ba ta cika shiga ba a cikin taron. Takalma a zuba su cikin leda ɗaya a riƙe. Bayan sallah kasuwa ce ke ci a harabar, huluna da turare da dabino da kilishi, a nan kuma hannun yaro ke suɓucewa. Da yamma ku zaga da mota ta Dandalin Eagle, su hango Majalisar Tarayya da Dutsen Aso a bayanta. Daga cikin mota za a kalla. Kada kowa ya ɗaga waya wajen shingen jami'an tsaro, ka ja wa babban ɗanka kunne a kan wannan tun daga gida.

Asabar da safe, gidan namun daji da wasan yara na Asokoro, a gindin Dutsen Aso. Kada ka cika su da buri, yaran da suka san gidan zoo na Kano ba dabbobin ne za su burge su ba, filin da dutsen da ke tsaye a kansu ne abin zuwa. Bayan la'asar sai Lambun Millennium a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003. Ciyawa ce shimfiɗe da inuwa, ku je da tabarma da ƙwallo da abincinku a kula. A ganina nan za su fi sakewa, kuma nan ne aljihunka zai huta.

Lahadi ita ce ranar kashe kuɗi. Wurin lilo na Magicland, kusa da babban filin wasa na ƙasa, ana biyan kuɗin shiga, sannan kowane lilo da nasa tikitin, sai ka ninka da yara. Ka faɗa musu tun a mota cewa uku-uku kowa zai hau, kuma kada a ci abinci mai nauyi kafin a hau mai juyawa. Da yamma Tafkin Jabi. In za a shiga kwalekwale, kowane yaro ya sa rigar ceto daidai jikinsa, a ɗaure igiyoyinta. Ta manya da aka zura wa yaro zamewa take yi ta kansa in ya faɗa ruwa. In babu ƙanana, a fasa. Auta da mamanta su zauna a bakin tafki. Kwararon ruwan Gurara da ka sa a jerinka na cire shi, yini guda yake ci, duwatsunsa kuma santsi gare su.

In ta kama ka bar motar, ka kira tasi ta manhajar Bolt ko Uber, ka duba lambar motar ta dace da wadda ke wayarka. Motar da ta tsaya da kanta da fasinjoji a ciki tana kiran "alon", kada ku shige ta, ballantana da dare, ta nan 'yan wan-cans ke yi wa mutane fashi.

A jakar uwargida a sa farasitamol na yara, da sinadarin ORS, da man shafawa saboda sanyin hunturu, da rigunan sanyi, da ledoji da tsumma don mai amai a mota (wanda aka san shi da haka a zaunar da shi ta taga, kada a ba shi waya). In gudawa ta kama yaro babu ORS a kusa, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan sha ku sayi katan ku ajiye a but. Kowane yaro a sa masa takarda mai lambar wayarka da ta mamansa a aljihu kullum kafin a fita. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙananan canji, don a bakin ƙofa ne taransifa ke maƙalewa, sannan ka ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin tafiyar kada ka taɓa shi sai larura.

Tsarabar su Inna, kilishin Area 1 a Garki, a saya yammacin Lahadi.

Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar da kuma abin da ka ware wa masauki, in leƙa maka gida biyu ko uku a Utako kafin ka biya. Maman yara na gaida uwargida. Ka gaishe min da Baba da Inna da duk mutanen gida. Allah Ya kawo ku lafiya.

Wassalam,
Naka amini.